Me ake nufi da "step down"? Ma'anoninta a siyasa, a majalisa da cikin gari

Cikin kalmomin Turancin da suka samu wurin zama a bakin masu bibiyar siyasa, da wuya a samu wadda ake yawan ji a kakar zaɓe kamar "step down". Ana jin ta a majalisun matasa daga Kwarbai zuwa Limancin Kona a birnin Zariya, ana ganin ta a kanun labarai, har ta kai ana cusa ta cikin jimlar Hausa: "an ce wane zai yi step down", ko "an matsa masa ya yi step down". Sai dai ma'anarta ta fi ɗaya, kuma wasu ma'anonin a Najeriya aka fi sanin su.

Wani abu game da ita ya cancanci a lura da shi tun farko. Kalmar tana nuna mutum yana sauka da ƙafarsa, amma ba ta faɗin ko akwai wanda ya tura shi. Hausa kuwa tana da kalmomi daban-daban da ke bambance wanda ya sauka don kansa da wanda aka saukar, da wanda ya bar kujera da wanda bai kai ga hawanta ba. Wanda ya san wace kalmar Hausa ce ta dace da kowane wuri zai fi gane abin da labari ke faɗa, da kuma abin da ya bari bai faɗa ba.

Yadda aka gina kalmar

"Step" na nufin taku, "down" na nufin ƙasa. Turanci na da ɗimbin aikatau da ake haɗa su da wata ƙaramar kalma, sai ma'ana ta sauya gaba ɗaya. Hausa ma tana da irin wannan haɗi: "ci" daban, "ci gaba" daban, "ja" daban, "ja baya" daban, "sa hannu" kan takarda ba ɗora tafin hannu a kanta ba ne. Idan abin ya riga ya faru ana cewa "stepped down". Idan aka mayar da ita suna ko siffa, ana sa ƙaramin layi a tsakani: "step-down".

Ƙananan kalmomin da ke biyo bayanta su ne ke fayyace labari. "As" na zuwa kafin sunan muƙamin da aka bari, kamar "as chairman", wato a matsayin shugaba. "From" na nuna wurin da aka bari, kamar kwamiti ko hukuma. "For" da "in favour of" na nuna wanda aka bar wa. "Over" kuwa na nuna dalili, kuma yawanci dalilin ba mai daɗi ba ne: zargi, badaƙala ko rikici.

Ma'anarta ta asali ita ce sauka daga wuri mai tudu, kamar dandamali ko matakala. Har yanzu ana jin wannan a kotu, inda alƙali kan sallami mai ba da shaida da ita bayan an gama yi masa tambayoyi, wato ya iya sauka daga akwatin shaida. Daga wannan hoto na mai saukowa daga sama aka samo sauran ma'anonin.

Barin muƙami

Wannan ce ma'anar da aka fi sani a duniya: mai riƙe da babban muƙami ya sauka. A Hausa akan ce ya sauka, ya ajiye aiki, ko ya yi murabus. Kalmar ta fi dacewa da manyan kujeru. Ba a cika faɗin ta ga ƙaramin ma'aikacin da ya bar aiki ba. Tana kuma da laushi fiye da "resign", wadda ita ce kalmar da doka ta sani. Sashe na 306 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa ajiye muƙami sai da takarda mai sa hannun mai shi. Shugaban ƙasa na aika tasa ga shugaban majalisar dattawa, gwamna kuma ga kakakin majalisar dokokin jiharsa. Saboda haka sanarwa a gaban 'yan jarida ba ta sauke kowa daga kujera har sai takardar ta isa inda doka ta ce.

Laushin kalmar ne ke rufe abubuwa da yawa. Salisu Buhari ya bar kujerar kakakin majalisar wakilai a watan Yulin 1999 bayan an bankaɗo batun takardun karatunsa da shekarunsa. Patricia Etteh ta bar wannan kujera a watan Oktoban 2007 ana tsakiyar rikici kan kwangilar gyaran gidaje. Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin ministar kuɗi a watan Satumban 2018 kan batun takardar hidimar ƙasa. Alƙalin Alƙalai Ibrahim Tanko Muhammad ya sauka a watan Yunin 2022, aka ba da dalilin rashin lafiya, kwanaki kaɗan bayan wasiƙar ƙorafin da abokan aikinsa na kotun ƙoli suka rubuta ta fito fili. Duk waɗannan ana iya ba da labarinsu da kalma guda, alhali kowane da irin matsin da ke bayansa.

Inda aka cire mutum da ƙarfin doka ko na iko, kuskure ne a ce ya yi "step down". Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa bai sauka daga kujerar gwamnan tsohuwar jihar Kaduna ba. Majalisar dokoki ce ta tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981, ya zama gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. Tarihin sarautar Zazzau ma cike yake da misalan wannan bambanci. A ƙarni na 19 Sakkwato ta tuɓe sarakunan Zazzau fiye da ɗaya. Sarki Abdullahi sau biyu ya hau, sau biyu aka tuɓe shi, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa kan mulkin Zazzau na 1960. Da Turawa suka zo, sun tuɓe Sarki Kwasau, daga baya suka tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi, dukansu aka kai su Lakwaja. Ba wanda ke cewa waɗannan sarakuna sun yi murabus.

Akwai kuma abin da ke tsakani. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na farko ya yi murabus a 1963 bayan binciken da gwamnatin Jihar Arewa ta sa aka yi kan kuɗin En'e ta Kano, ya koma Azare da zama. A takarda murabus ne, amma kowa ya san ba a bar masa wata hanya ba. Jikansa Muhammadu Sanusi na biyu kuwa gwamnatin jihar Kano ce ta tuɓe shi ranar 9 ga Maris ɗin 2020. Hausa ta ba kowane lamari sunansa.

Janyewa daga takara

A Najeriya wannan ma'ana ce ta fi kowace tashe: mai neman takara ya janye wa wani. A nan mutum bai hau kujerar ba tukuna, don haka "murabus" ko "sauka" ba su dace ba. "Janye" ce kalmar. Turawan Ingila sun fi amfani da "stand down" ko "withdraw" a irin wannan wuri.

Zaɓukan fitar da gwani na 2022 sun nuna nauyin wannan janyewa. A taron PDP na ranar 28 ga Mayu a Abuja, Aminu Waziri Tambuwal ya hau dandamali ya janye wa Atiku Abubakar ana dab da kaɗa ƙuri'a. Atiku ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike ya samu 237, kuma rigimar da ta biyo baya ta bi jam'iyyar har ranar zaɓe. A taron APC na watan Yuni a dandalin Eagle Square, mutum bakwai suka janye wa Bola Tinubu, cikinsu har da Godswill Akpabio, Kayode Fayemi, Ibikunle Amosun da Muhammad Badaru Abubakar. Tinubu ya samu ƙuri'a 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. Kowane daga cikin masu janyewar an biya naira miliyan 100 kuɗin takardar takararsa, in ban da rangwamen da jam'iyyar ta yi wa mata. Daga baya Akpabio ya zama shugaban majalisar dattawa, Badaru ya zama ministan tsaro.

Mutanen Zariya sun ga irin wannan a kusa. Tajudeen Abbas, Iyan Zazzau, wanda ke wakiltar mazaɓar Zariya a majalisar wakilai tun 2011, ya zama kakakin majalisar ranar 13 ga Yunin 2023 da ƙuri'a 353, yayin da Idris Wase da Aminu Sani Jaji suka samu uku-uku. Kafin ranar, wasu manyan masu neman kujerar, irin su Alhassan Ado Doguwa, Muktar Aliyu Betara da Yusuf Gagdi, sun janye masa ɗaya bayan ɗaya, bayan jam'iyyar APC ta nuna shi a matsayin wanda take so. Wanda ya kalli alƙaluman ranar kaɗai zai ɗauka ba a yi takara ba, alhali an yi ta, an kuma gama ta a tarukan da aka yi kafin a shiga zauren.

Wani nau'in janyewar shi ne na ɗan riƙon wuri. A 2022 jam'iyyar Labour ta fara miƙa sunan Doyin Okupe a matsayin mataimakin Peter Obi don kada wa'adin hukumar zaɓe ya wuce ta. A watan Yuli ya janye, aka sa Yusuf Datti Baba-Ahmed, wanda ya taɓa wakiltar Zariya a majalisar wakilai daga 2003 zuwa 2007. Haka Ibrahim Kabir Masari ya riƙe wa Kashim Shettima wuri a APC.

Ba kowa ke yarda ya janye ba. Bashir Machina ya ci zaɓen fitar da gwani na APC a mazaɓar sanatan Yobe ta Arewa a 2022, ya kuma ƙi janye wa Ahmad Lawan, wanda ya nemi takarar shugaban ƙasa bai samu ba. Machina ya yi nasara a babbar kotun tarayya da kotun ɗaukaka ƙara, amma ranar 6 ga Fabrairun 2023 kotun ƙoli, da rinjayen alƙalai uku kan biyu, ta ba Lawan takarar bisa dalilin hanyar da aka bi wajen shigar da ƙarar.

Abin da doka ta ce kan janyewa

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta yi tanadi uku da suka shafi wannan batu. Sashe na 84 ya ce jam'iyyar da ke son fitar da ɗan takara ta hanyar maslaha dole ta samu amincewar duk masu neman kujerar da aka tantance, a rubuce, cewa sun janye da son ransu kuma sun goyi bayan wanda aka zaɓa. Idan mutum ɗaya ya ƙi, sai a koma ga zaɓen fitar da gwani. Sashe na 31 ya ce ɗan takarar da aka riga aka tsayar zai iya janyewa ta takarda mai sa hannunsa da zai miƙa wa jam'iyya da kansa, ita kuma ta sanar da hukumar zaɓe aƙalla kwana 90 kafin zaɓe. Sashe na 33 ya hana jam'iyya sauya ɗan takara sai da mutuwa ko janyewa.

Abin da ke ruɗa masu zaɓe shi ne janyewar da ake yi bayan wa'adi ya wuce. Takardar ƙuri'a a Najeriya tambarin jam'iyya take ɗauke da shi, kuma ƙuri'ar da aka dangwala wa jam'iyya ba ta komawa ga wata don ɗan takararta ya ce ya janye. Oby Ezekwesili ta sanar da janyewarta daga takarar shugaban ƙasa a watan Janairun 2019, hukumar zaɓe ta ce lokaci ya ƙure, jam'iyyar ACPN ta ci gaba da zama a kan takardar ƙuri'a. Don haka saƙon da ke yawo a WhatsApp daren jajibirin zaɓe cewa wane ya janye wa wane, ko da gaskiya ne, bai sauya lissafin ƙuri'a ba.

Wannan ya shafi matasa kai tsaye. Gyaran tsarin mulkin da aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018 ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Amma matashin da ya sayi takardar neman kujerar majalisar jiha, ko a mazaɓar Birni ko ta Kewaye, zai iya samun kansa a gaban dattawan jam'iyya ana roƙonsa ya haƙura ya bar wa babban yaya. A garin da ake ganin girman na gaba, ƙin amsa irin wannan roƙo na da wuya. Abin da ya kamata ya sani shi ne, a ƙarƙashin waccan doka sa hannunsa sharaɗi ne, kuma maslaha ba ta tabbata sai da shi.

Jingine ƙudiri a majalisa

A zauren majalisa kalmar na sauya hali: maimakon mutum ya sauka, abu ake saukewa. Idan aka ce "the bill was stepped down", ana nufin an jingine ƙudirin, an cire shi daga jerin ayyukan wannan rana. Wannan amfani ya fi yawa a Turancin Najeriya. Dalilin kan zama rashin halartar mai gabatar da ƙudirin, ko ba a raba wa 'yan majalisa kwafinsa ba, ko ana son ƙarin tuntuɓa, ko kuma shugabanni sun hango za a kayar da shi idan aka kaɗa ƙuri'a.

Fassara wannan da "majalisa ta yi watsi da ƙudiri" kuskure ne mai illa. Ƙudirin da aka jingine yana da rai, kuma ana iya dawo da shi wata rana da hankalin jama'a ya koma wani wuri. A ɗaya ɓangaren kuma, jinginewa kan zama hanyar kashe ƙudiri a hankali, domin wanda bai kammala ba har wa'adin majalisa na shekara huɗu ya ƙare sai an sake gabatar da shi a sabuwar majalisa. Ko ta wace fuska, jinginewa na hana a san wanda ya goyi baya da wanda ya ƙi. A kotu akwai makamanciyarta: idan alƙali ya yi "stand down" ɗin shari'a, ya ajiye ta ne na ɗan lokaci a wannan rana, saɓanin ɗage ta zuwa wata rana.

A wutar lantarki, horo, asibiti da teburin mai shayi

Ga masu aikin wuta, "step-down" na nufin rage ƙarfin lantarki. Manyan layukan ƙasa na ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 330,000, a rage ta zuwa 132,000, sannan 33,000, sannan 11,000, kafin taransifomar unguwa ta mayar da ita abin da gida zai iya ɗauka, wato kimanin bolt 230. Taransifomar da mutanen unguwa kan haɗa kuɗi su gyara idan ta ƙone tana cikin wannan jeri. Masu sayar da kayan wuta kuma na kiran wata ƙaramar na'ura da wannan suna: ita ce ake haɗa wa kayan da aka ƙera don Amurka, inda wutar gida take bolt 120, don kada su ƙone.

A aikin gwamnati da na ƙungiyoyi, "step-down training" shi ne horon da waɗanda aka horar a Abuja ko Kaduna ke sauko da shi ga na ƙasa da su, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma zuwa mazaɓa. Duk matashin da ya taɓa aikin wucin gadi na zaɓe ko na rigakafi ya san wannan tsari. A asibiti ana amfani da kalmar idan majinyaci ya samu sauƙi aka rage masa matakin kulawa, kamar fitar da shi daga ɗakin kulawa ta musamman, ko mayar da shi daga allura zuwa ƙwayoyi. A Turancin kan titi kuwa, wanda ya ci abinci ya ce zai yi "step down" da lemo mai sanyi, korawa yake nufi.

'Yan uwanta da ake rikita su da ita

"Step aside" na nufin matsawa gefe, kuma tana ɗauke da alamar cewa mai yi bai yi nisa ba. Ana yawan amfani da ita ga jami'in da ya ba da wuri har a gama bincike. Janar Ibrahim Babangida ne ya sa ta shahara a Najeriya, lokacin da ya zaɓe ta wajen bayyana barinsa mulki a watan Agustan 1993, bayan soke zaɓen 12 ga Yuni. Ya miƙa wa gwamnatin riƙo ta Ernest Shonekan, wadda Janar Sani Abacha ya kawar ranar 17 ga Nuwamban wannan shekara. Babangida ya sake neman shugabancin ƙasa daga baya, har zuwa 2010 da kwamitin Malam Adamu Ciroma ya zaɓi Atiku a matsayin ɗan takarar maslaha na Arewa a PDP.

Misalin Joe Biden na taimakawa wajen rarrabe ma'anoni biyu na siyasa. Ranar 21 ga Yulin 2024 ya janye daga takara ya goyi bayan Kamala Harris, amma bai sauka daga mulki ba. Ya ci gaba da zama shugaban Amurka har 20 ga Janairun 2025. "Back down" kuwa ja da baya ne daga matsayi ko buƙata, kamar gwamnati ta fasa wani mataki saboda matsin jama'a. "Step up" ƙara ƙaimi ne, "step in" kuma shiga tsakani.

Yadda za a karanta ta a labari

Zariya ta daɗe da sanin nauyin fassara. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, kuma aikin yau da kullum na irin wannan jarida shi ne nemo kalmar Hausa da ta dace da abin da hukuma ta faɗa da Turanci. A yau labari kan iso wayar mutum da Turanci kafin kowa ya fassara shi, don haka aikin ya koma hannun mai karatu.

Idan aka ci karo da kalmar, a fara duba ko mutum ne ya sauka ko abu aka sauke. Idan ƙudiri ne, jinginewa ce, kuma zai iya dawowa. Idan mutum ne, a duba ko kujera ya bari ko takara. Idan takara ce, a nemi sanin wa aka janye wa, a wane mataki, ko akwai takarda mai sa hannu, da ko wa'adin hukumar zaɓe bai wuce ba. Idan kujera ce, a duba abin da ya faru a makonnin da suka gabaci sanarwar, sannan a jira a ga muƙamin da mai janyewar ko mai saukar zai samu bayan an rantsar da sabuwar gwamnati.